Baƙin Akun Madagaska Ba Jari Ba Ne: Shawara Ga Mai Shirin Fara Kiwo



Yau ba maganar abincin kaji ko canjin ruwan tarwaɗa zan yi ba. Wani abu ne ya faru da ni a makon jiya, na ga gara in kawo shi nan, don na san ba mutum ɗaya abin ya shafa ba.

Wani ƙanina, ɗan unguwarmu a nan Saji, ya same ni da yamma ina wanke mazubin ruwan kaji. Yaron nan ya yi wata da watanni yana ƙwadagon noman rani a wajen Kadawa, yana tara kuɗi don ya zuba kajin gidan gona. Mun ma riga mun auna inda zai yi ɗakin. Sai ga shi da waya a hannu, yana ta murna. Ya ce, "Yaya, dubi wannan. Na fasa kajin nan." Na duba, sai na ga bidiyon wani baƙin aku mai dogon wuya yana tsalle a keji. Mai tallan ya ce sunansa vasa, daga Madagaska aka kawo shi, babu irinsa a Kano, in ka sayi mace da namiji ɗa ɗaya kawai zai mayar maka da kuɗinka.

Na ce masa ya zauna. Abin da na gaya masa shi zan gaya muku, kuma ra'ayina a fili yake: wanda yake da ɗan ƙaramin jari, yana neman abin da zai riƙe shi, kada ya kai kuɗinsa wajen aku, na Madagaska ne ko na gida. Ga dalilaina.

WANE NE WANNAN TSUNTSUN?

Mu fara ba shi haƙƙinsa, tsuntsu ne mai ban mamaki. Asalinsa tsibirin Madagaska ne da tsibiran Komoros, can gabashin Afirka a tekun Indiya. Iri biyu aka fi sani: babba, wanda tsawonsa ke kai wajen santimita 50, da ƙarami mai wajen santimita 35. Launinsa baƙi-baƙi ne mai toka, babu jan wutsiyar nan ta aku kuturu da muka saba gani.

Idan lokacin haihuwa ya zo, macen babban irin takan zubar da gashin kanta, kan ya yi sanƙo, fatar ta koma ruwan ɗorawa. Wanda bai sani ba zai rantse cuta ce. A daji ba namiji ɗaya take bi ba, maza da yawa ne ke barbararta, kuma su ke kawo mata abinci tana kwance a kan ƙwai. Ƙwan nasa kuwa yana cikin masu saurin ƙyanƙyashewa a dangin aku, tsakanin kwana 14 zuwa 18, ya danganta da irin. A shekarar 2015 wasu masu bincike a Ingila sun ga irin wannan aku yana ɗaukar tsakuwa ko ƙwallon dabino yana goga ɓawon dodon-koɗi na teku, yana lasar garin don samun sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi da ɓawon ƙwai. Wato yana da kai, ba a musu.

Amma ga abin da mai tallan bai faɗa ba. A can ƙasarsu manoma kallon ɓarawon gona suke masa, yana sauka a masara da shinkafa, ana korar sa, har farautar sa ake yi. Kamar yadda muke fama da tsirya da jan-baki a gonar dawa da gero, haka su ma suke fama da shi. Sannan a fagen magana bai kama ƙafar aku kuturu ba. Ihu kuwa, in lokacin barbara ya yi, sai maƙwabta sun yi maka sallama.

Na san mu Hausawa muna da wata tsohuwar ƙauna da aku. Duk wanda ya karanta Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya taso yana ganin aku a matsayin mai hikima, har ya zama waziri. To amma a littafin ma, a gidan sarki yake zaune, ba a gidan mai neman kuɗin buhun abincin kaji ba.

LISSAFIN DA NA YI MASA A ƘASA

Abu na farko da aka koya mana a makaranta game da kasuwancin noma shi ne: kafin ka sayi komai, tambayi kanka yaushe kuɗin zai dawo, kuma wa zai saya. Na ɗauki tsinke na zana masa a ƙasa.

Kajin nama na gidan gona: mako 6 zuwa 8 sun isa sayarwa. A shekara kana iya juya kuɗinka sau huɗu ko biyar, ko da ka bar ɗaki ya huta tsakanin zubi da zubi.

Kajin ƙwai: mako 18 zuwa 20 sun fara saka, daga nan kullum akwai abin ɗauka.

Tarwaɗa: wata 4 zuwa 6, in iri mai kyau ne kuma abinci bai yanke ba.

Kazar gida tana ƙyanƙyasa a kwana 21, zabuwa kwana 26 zuwa 28, agwagwa kwana 35, tattabara kwana 17 zuwa 18.

Shi kuwa babban aku sai ya yi shekaru kafin ya balaga, galibi uku ko fiye. In ya balaga ma, sau ɗaya yake haihuwa a shekara, ƙwai 'yan ƙalilan. Kuma ba tabbas, domin ko a Turai da Amurka, inda ake da manyan kejuna da ƙwararru, ba kowa ke dacewa da haihuwarsa ba. Tsuntsun da macensa ta saba da maza da yawa suna ciyar da ita, kai ka kulle ta da namiji ɗaya a kejin da bai fi tebur ba, ka zauna jiran 'ya'ya? Wa ma ya tabbatar maka mace da namiji aka ba ka? In ba lokacin haihuwa ba, da ido ba ka iya rarrabe su.

Sai tambaya ta biyu, wa zai saya? Kaza in ta isa, ko ba ka fita ba mai tsire da mai abinci da mai biki za su neme ka. Ƙwan zabi da damina, a bakin titi ma ya ƙare. Kifi kuwa, mu da muke kusa da madatsar Tiga mun san bakin mutanen yankin nan ya riga ya saba da shi. To in ka ɗauki baƙin aku ka shiga kasuwar Rano ko ta Kibiya, wa zai taya? Za a taru a kalla, yara su yi ta dariya, a watse. Abin da masu sayensa ba su fi a ƙirga da yatsu ba a jiha guda, ranar da ka matsu, su za su yanka maka farashi. Jarin da ba za ka iya mayar da shi kuɗi ba ranar da matarka ke naƙuda, wannan ado ne, ba jari ba.

HAƊARIN DA YA FI ASARAR KUƊIN

Ko da kyauta aka ba ka, in kana da kaji a gida akwai abin tsoro. Tsuntsun da ya bi hannun masu tarko da dillalai da 'yan sumoga, an cusa shi a kwali da wasu tsuntsaye daga wurare daban-daban, ba ka san me ya kwaso ba.

Cutar Niyukasul, wadda muke ba kaji Lasota saboda ita, wadda ke share kajin gida duk hunturu, aku yana iya ɗauke da ita yana yaɗawa alhali shi garau yake. Wannan ba zato ba ne. A shekarar 1971, a jihar Kalifoniya ta Amurka, cutar ta ɓarke ta hanyar akun da aka shigo da su daga waje, ta shiga gonakin kaji, sai da aka hallaka tsuntsaye kusan miliyan 12 kafin a shawo kanta. Ƙasar da ke da kuɗi da likitoci ke nan.

Murar tsuntsaye kuwa ba sai an ba mu labari ba. A watan Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da ita a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna, kafin a ankara ta iso Kano. Ta dawo a 2015, manyan gonaki suka durƙushe. A farkon 2025 ma hukumomi sun tabbatar da ɓullarta a Gwale, kuma bayanin da aka yi shi ne wani ya sayo agwagwa guda a kasuwar Janguza ya haɗa ta da tsuntsayensa na gida. Agwagwa ɗaya tal.

Ni kaina na ɗanɗana. Da na dawo daga bautar ƙasa na zuba kaji 80 da ɗan abin da na tara na alawus. Suna mako huɗu, na je wata kasuwa na ga wasu kajin ado masu gashi har ƙafa, suka shiga raina, na sayo biyu. Na ajiye su a kwando a bakin ƙofar ɗakin, wai ai ban haɗa su ba. Cikin kwana goma na binne fiye da rabin kajina. Ga digiri a akwati, ga gawar kaji a baro. Ranar na gane cewa kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma cuta ba ta tambayar takardar makaranta.

Akwai kuma wadda ke kama mutum, ana ce mata zazzaɓin aku. Ƙwayar cutar tana cikin kashin tsuntsun, in ya bushe ya zama ƙura, mai shara ya shaƙa. Tana zuwa da zazzaɓi da ciwon kai da tari, tana iya zama ciwon huhu. A 1929 zuwa 1930 ta bazu a ƙasashe da dama ta hanyar cinikin aku, mutane suka mutu. Yanzu tana da magani, amma a wajenmu duk zazzaɓi maleriya ne. Wa zai tuna ya gaya wa likita akwai aku a gida? Kuma wa ke sharar keji in ba mata da yara ba?

MAGANAR DOKA

Da yawa ba su san cewa cinikin aku tsakanin ƙasa da ƙasa yana da doka ba. Akwai yarjejeniyar duniya da ake kira CITES, Najeriya tana ciki tun shekarun 1970, kuma a 1985 aka kafa dokarmu ta kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, aka yi mata gyara a 2016. Baƙin akun Madagaska yana rukuni na biyu a yarjejeniyar, wato ba a fitar da shi daga ƙasarsa sai da takardar izini. Aku kuturu kuwa, a taron da aka yi a Johannesburg a 2016 an mayar da shi rukuni na farko, an haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe, saboda yadda aka kusa ƙarar da shi. A Ghana bincike ya nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na akun ƙasar sun ɓace.

Kada ka ce ai ba a kamawa. A 2025 jami'an kwastam sun kama tsuntsaye sama da 1,600 a filin jirgin saman Legas, tsirya da kanari, ana shirin fitar da su zuwa Kuwait ba takardu. Saboda haka ka tambayi mai tallan nan: ina takardar shigowa? Ina shaidar likitan dabbobi? In ya fara kame-kame, ka san ko dai kayan sumoga ne, ko kuma babu tsuntsun ma gaba ɗaya. Bidiyon da ƙanina ya nuna min, babu abin da ke nuna a Najeriya aka ɗauke shi. Ka tura kuɗi, a toshe lambarka. Cinikin biri a sama ke nan.

"TO YAYA, SHA'AWA FA?"

Haka ya tambaye ni, kuma tambayar tana kan hanya. Na san wasu a nan za su ce, Malam, ba komai ne kuɗi ba, akwai masu kiwon tsuntsayen ado a Kano da Zariya kuma suna samu. Gaskiya ne, ban musa ba. Akwai masu tattabarun waje, masu ɗawisu, masu kanari, wasu da shi suke ci da iyali. Amma ku lura da abu biyu. Na ɗaya, abin da suke kiwo yana haihuwa a hannunsu, kuma akwai jama'a masu yawa da ke nema. Mai tattabara yana da abokan harka a kowace unguwa. Na biyu, yawancinsu sun daɗe a ciki, sun san masu saye da suna, kuma ba da kuɗin cefane suka fara ba.

Sha'awa halal ce, amma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Sha'awa da riba ake yin ta, ba da uwar kuɗi ba. In kajinka sun yi zubi biyar, shida, ka ware wani abu daga ribar ka sayi abin da ranka ke so, ba mai ce maka don me. Ko a nan ɗin ma, ni zan ce ka fara da tattabaru ko kanari.

Wanda kuma ya riga ya mallaki aku, ko yake da halin da ba zai ji asarar ba, ga abin da ya kamata ya sani, don haƙƙin tsuntsun yana wuyansa:

1. Aku yana daɗewa. Irin wannan yana iya haura shekara 30. Ba kaza ba ce da za ka yanka in ka gaji. Ka tambayi kanka wa zai riƙe shi in ka yi tafiya ko ka sauya gari.

2. Yana buƙatar wurin tashi. Baƙin akun nan mai yawan zirga-zirga ne, yana son wanka da ruwa, da birgima a ƙasa, da shan hantsi. Ƙaramin kejin waya da ake ratayewa a zaure kurkuku ne a wajensa. Akun da ya ƙuntata yakan fara fizge gashin jikinsa.

3. Gero da gyaɗa kaɗai ba abinci ba ne. Yana buƙatar 'ya'yan itace da ganye kullum: gwanda, mangwaro, gwaiba, karas, ɗanyar masara. Gyaɗar da ta yi fumfuna tana lalata masa hanta da huhu. Kada a ba shi fiya, guba ce gare shi.

4. Ya yi nesa da kaji. Duk sabon tsuntsu, ko wane iri ne, a ware shi aƙalla kwana 30 a wani wuri daban, da mazubinsa daban. Ka fara shiga wajen kajinka kafin ka je wajensa, ka wanke hannu, ka sauya takalmi.

5. A yayyafa ruwa kafin a share kashinsa don kada ƙura ta tashi, a rufe hanci, kuma kada a bar wa yara aikin.

6. Ka san inda za ka kai shi tun kafin ya kwanta. Ma'aikatan dabbobi na kusa da mu sun fi sabawa da shanu da awaki da kaji. Larurar aku tana iya kai ka cikin Kano, ko asibitin koyarwa na dabbobi na ABU Zariya. Ka sa kuɗin motar a lissafi.

Abu na ƙarshe a nan: kada mu riƙa sayen 'ya'yan tsirya da yara ke ciro wa daga kogon bishiya. Duk wanda ka saya, ka ba da kuɗin a je a ciro wani, kuma da yawansu a hanya suke mutuwa. Mu da muke maƙwabtaka da dajin Falgore, mun ji iyayenmu suna lissafa namun dajin da suka gani da idonsu, waɗanda mu sai dai a hoto.

ABIN DA NA CE YA YI DA KUƊINSA

Na ce ya raba kuɗin gida uku. Kashi mafi girma na abinci ne, domin a kiwon kaji abinci ke cinye wajen kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na abin da za ka kashe. Kazar nama ɗaya tana cin kilo 4 zuwa 5 kafin ta isa, wato kaji 50 za su ci buhu 8 zuwa 10 mai kilo 25. In ba ka da kuɗin buhunan nan a hannu, rage yawan kajin. Gara 30 ƙosassu da 100 masu yunwa. Kashi na biyu na 'yan tsaki ne da rigakafi, Gumboro da Lasota a kan lokaci, da gawayin ɗumama ɗaki. Kashi na uku a ajiye shi, kada a taɓa, don ranar da abu ya ɓaci.

In kuma yana son abin da zai riƙa kallo yana jin daɗi da yamma, na ce ya nemi ƙwan zabi da damina ya sa wa kazar gida ta kwanta. Zabi suna da kyan gani, suna kiwon kansu a bayan gida, suna yi maka ƙararrawa in baƙon abu ya shigo, ga ƙwai, ga kasuwa lokacin sallah. In kuɗi ya yanke, ka kama biyu ka kai kasuwa, kafin azahar ka dawo da cefane.

Bai ji daɗin maganata ba a ranar, na ga alama a fuskarsa. Ya tashi ya ce zai yi tunani. Shekaranjiya da safe sai ga shi da buhun ɓuntun shinkafa a kan babur, yana tambaya ko kaurin shimfiɗar da zai zuba a ɗakin ya isa haka. Na ce ƙara kaɗan.

'Yan uwa, duk lokacin da aka nuna muku wani sabon abu a waya aka ce babu irinsa a gari, ku tsaya ku yi tambayoyi huɗu: yaushe zai dawo min da kuɗina, wa zai saya a kusa da ni, wace cuta zai iya kawo min, kuma doka ta yarda? In amsa ɗaya ta gagara, ku riƙe kuɗinku.

Wanda ya taɓa kiwon aku ko wani tsuntsun ado a cikinku, riba ya ci ko asara, ya ba mu labari don na baya su ƙaru. Wanda kuma yake ganin na yi kuskure, bismillah, ina saurare.

Allah ya sa albarka a abin da muke kiwo, ya tsare mana shi daga annoba. Amin.